Dandalin da ba shi da sarki ɗaya

A Facebook ko X, kamfani ɗaya ne wuƙa da nama: shi ke ajiye rubutunka, shi ke yanke abin da zai tsaya da wanda za a goge. Mastodon, wanda Bajamushe Eugen Rochko ya fito da shi a 2016, ba haka aka gina shi ba. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke riƙe da asusun jama'a, kowace da mai ita da dokokinta. Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idar ActivityPub, wadda hukumar W3C ta amince da ita a Janairun 2018.

Idan ka wallafa rubutu, sabarka za ta duba masu bibiyarka, ta aika kwafi ga duk sabar da ko mutum ɗaya daga cikinsu yake. Inda ba ka da mabiyi, rubutun ba zai isa ba, sai in wani ya yaɗa shi ko ya nemo shi da kansa. Shi ya sa mutum biyu kan buɗe muhawara guda, wannan ya ga martani rututu, wancan ya ga 'yan kaɗan. Gogewa ma roƙo ce kawai. Sabarka za ta sanar da sauran su share kwafinsu, amma ba ta da ikon tilasta musu.

Tacewa kuwa tana hannun mai kula da saba, kamar dai mai unguwa. Yana iya rage wa wata saba murya, rubutunta ya daina fitowa fili sai ga wanda ke bin mutanenta. Yana iya yanke hulɗa da ita ɗungurungum. A Yulin 2019, da dandalin Gab na Amurka, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma kan manhajar Mastodon, sabobi da dama sun rufe masa ƙofa ba tare da jiran umarnin kowa ba. A ganina sun yi daidai.

Sai dai hukuncin kan faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Da yawa daga masu kulan nan 'yan sa-kai ne, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Idan biyu suka ɓata, kai da abokinka na waccan sabar kun rabu ke nan, ba wanda ya nemi jin ta bakinku. Kana iya ƙaura da mabiyanka zuwa wata sabar, amma tsofaffin rubuce-rubucenka can za ka baro su.