Radish na Daji: Yadda Ake Gane Shi da Ɓarnarsa a Gonakin Alkama na Ostareliya

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani game da wata ciyawa da masana ilmin tsirrai ke kira Raphanus raphanistrum, wato radish na daji, wadda dangi ɗaya suke da kabeji da mastad. Asalinta daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, amma tun ƙarni na 19 ta shiga Ostareliya, ta kuwa zame wa manoman alkama na yammacin ƙasar ƙarfen ƙafa.

Idan tana ƙarama, ganyenta kan kwanta a ƙasa a kewaye, ga shi da gashi mai kaushi. Furenta ruwan ɗorawa ne ko fari, mai ganye huɗu a gicciye, kamar dai na sauran dangin. To, a nan ne mutane kan ruɗe, su ɗauke ta mastad na daji. Abin da zai raba gardama biyu ne. Na farko, ganyen furen radish yana da jijiyoyi masu duhu, na mastad kuwa ba shi da su. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne kwanso. Na mastad tsagewa yake yi ya zubar da iri, na radish kuwa gaɓa-gaɓa ne, kakkaryewa yake, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya a ciki.

Wannan gaɓa ita ce tushen ɓarnar. Girmanta ya yi kusa da na ƙwayar alkama, saboda haka injin girbi ba ya iya tace ta, sai ta bi hatsi zuwa rumbu ta rage masa daraja. Idan kuma kwanson ɗanye ne, yakan fitar da wani sinadari da ke hana alkamar da aka ajiye don shuka tsirowa. Wadda ta faɗi ƙasa kuwa tana iya yin shekaru a binne kafin ta tsiro. Ban da wannan, ga cinye ruwa da taki da take yi tun alkama ba ta yi ƙarfi ba.

Tun cikin shekarun 1990 aka fara samun wadda ba ta jin maganin ciyawa, daga baya har da 2,4-D. Wannan ne ya sa hankali ya koma ga lokacin girbi. Wani manomi na Yammacin Ostareliya, Ray Harrington, ya ƙera na'urar da ke niƙe ƙaiƙayi yayin da yake fita daga injin girbi, ta murƙushe irin ciyawar kafin ya kai ƙasa.