Turbo a Ƙaramar Mota: Ƙarfi Araha Ne, Ɗaukarsa Ce Tsada

A garejojin Kurmin Mashi da layukan masu sayar da kayan mota na Oriakpata, akwai kalmar da ke sa matashi mai ƙaramar mota ya gyara tsayuwa, ita ce turbo. Tun da aka faɗaɗa titunan Kaduna a aikin sabunta birni da aka soma a 2019, daga gadar Kawo har titin Ali Akilu, kwalta ta yi sumul, mai Golf ko Corolla ko Civic kuma ya fara jin motarsa ta yi masa nauyin jiki. Ga bidiyo a waya yana nuna masa irin motarsa a ƙasar waje an ɗaura mata turbo tana tsere da manyan motoci. Sai ya nufi bakanike da tambaya ɗaya: nawa ake sayar da shi, nawa ne kuɗin ɗaurawa? Daga wannan tambaya kuskuren yake farawa. Turbo ba kayan ado ba ne da za a liƙa a yi gaba. Ranar da aka ɗaura shi an sauya wa motar rayuwa gaba ɗaya, tun daga fistin har taya, kuma wanda bai shirya biyan kuɗin wannan sauyi duka ba, gara ya bar motarsa yadda kamfani ya ƙera ta.

Amfanin turbo gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera zai gane shi. Gawayi ɗaya ne, amma da an taɓa zugazugi sai wuta ta tashi har ƙarfe ya yi ja. Inji ma wuta ce a rufe, kuma iska ce ke iyakance ta, domin kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fitowa daga inji, wanda zafinsa kan haura digiri 900, shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Sandar kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Idan aka ƙara wa inji rabin iskar da yake shaƙa, aka ƙara masa mai daidai da ita, injin Corolla mai lita 1.8 da ke ba da ƙarfin doki kusan 130 zai iya kaiwa 180. A Kaduna ma dabarar tana da wani amfani na daban, domin garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 600 daga teku, inda iska ta fi ta Legas sauƙi, inji kuma yana rasa ɗan ƙarfinsa.

Sai dai iskar da aka matse zafi take yi, zafi kuma shi ne abokin gabar injin fetur. Idan matsi da zafi suka yi yawa a cikin silinda, wani sashe na mai yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iske shi. Wannan fashewa ce ke fasa fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket, har a wayi gari a ce inji ya buga. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa ba sa ɗaukar injin da ba na turbo ba su ɗaura masa kawai. Volkswagen ya yi inji mai lita 1.8 iri biyu a zamanin Golf 4: wanda ba shi da turbo yana matse iska sau 10.3 ya ba da ƙarfin doki 125, mai turbo kuma an rage masa matsin zuwa 9.5 kafin a bar shi ya ba da 150. Wanda ya ƙi ragewa ya ga sakamako. A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fito da Jetfire, ɗaya daga motocin fasinja na farko masu turbo, ya bar mata matsi mai yawa, ya ce a riƙa zuba mata wani ruwa na musamman don sanyaya ƙuna. Masu motar suka riƙa mantawa, ƙorafi ya yi yawa, bayan shekara biyu aka daina ƙera ta. Mu kuma fetur ɗinmu ƙarfin jure matsinsa bai cika wuce 91 ba, na yau da kullum a Turai kuwa 95 ne. Ƙara da zafin watan Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu mai cinye fikafikan fanka, da gurɓataccen man da ya lalata injuna a Fabrairun 2022, za ka ga ƙasarmu ba ta yafe wa inji kuskure.

Shi ya sa saitin inji ya fi ɗaura turbo ɗin kansa muhimmanci. Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta, wata ƙaramar kwamfuta da ke yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. An rubuta mata lissafinta ne bisa iskar da inji ke shaƙa da kansa. In aka cusa mata ƙarin iska ba a sake lissafin ba, mai zai yi kaɗan, ƙuna ta yi zafi fiye da kima, fistin ya narke. Aikin ƙwarai yana bukatar manyan nozul, da famfon mai mai ƙarfi, da ƙaramin lagireto na sanyaya iska kafin ta shiga inji, da bututun baƙin mai mai kai wa turbo ya dawo, da ƙofar da ke sakin hayaƙi idan matsi ya kai iyaka. Bayan nan sai a ƙara mai a lokacin matsi, iska ta koma kamar kashi 12 ga kashi ɗaya na fetur, a kuma jinkirta wutar fulogi kaɗan. Duk wannan da awo ake yin sa. Ana ɗora motar a kan na'urar da tayoyi ke juyawa a kanta tana tsaye, a sa ma'aunin iska da mai a salansa, a gyara lissafi mataki-mataki. Kunne, komai ƙwarewarsa, sau da yawa sai ɓarna ta riga ta fara yake ji.

Ko inji ya jure, akwai masu ɗaukar kayan a bayansa. Turbo yana ƙara ƙarfin murɗawa tun inji bai yi gudu sosai ba, wannan murɗawa kuma a kan kuloci da giya take sauka. A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke fara sulɓewa, sai a ji inji na kuka mota ba ta tafiya, don haka dole a sa mai riƙo sosai. Daga nan haƙoran giya da shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba su shiga layi. Giya atomatik ta fi rauni, domin ƙarin ƙarfi yana dafa man giya, faifan ciki su ƙone, sai an ƙara mata abin sanyaya mai an kuma ɗaga matsinsa. Irin giyar nan mai bel ta CVT, da ke cikin Corolla da yawa daga 2014, ita kam ba a yi ta don wannan wahala ba sam. Sannan birki da taya. Motar da ta ninka gudunta tana bukatar ninki huɗu na tazarar tsayawa. Wanda ya ba mota ƙarfi ya bar ta da tsohon birki da tayar gwanjo, ya sayi doki ne ya manta linzami.

Za a ce ai masu sana'armu ba su gaza ba, wanda ya ga abin da ake ƙerawa a Panteka ba zai raina hannun mutanen Kaduna ba. Haka ne. Mai walda a Panteka zai lanƙwasa bututu ya haɗa shi tsaf, bakanike ya sauke inji ya mayar cikin yini. Abin da ya yi ƙaranci ba basira ba ce, kayan awo ne da sanin rubutun ƙwaƙwalwar mota. Za a kuma ce ga tireloli da tifofi nan da turbo shekara da shekaru ba abin da ya same su. Amma injin gas dabam ne. Shi da matsi yake kunna mansa, ba da fulogi ba, iska zalla yake matsewa sai a ƙarshe a fesa mai, kuma tun daga kamfani an zuba masa ƙarfe mai kauri. Abin da ya zama abinci ga injin tirela guba ne ga injin Civic.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsadar mai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na neman abin da zai rage masa zuwa gidan mai, kuma an ji cewa turbo na rage shan mai. Gaskiya ce rabi. Kamfani yana rage girman inji ne sannan ya cike giɓin da turbo, kamar yadda Honda ya yi a Civic ta 2016, inda inji mai lita 1.5 ya ba da ƙarfin doki 174, ya wuce mai lita 2.0 da ke ba da 158. Ƙanƙantar injin ce ke kawo tsimin. Wanda ya ɗaura turbo a kan injinsa bai rage komai ba, ƙarin iska ƙarin mai take kira duk lokacin da ya taka totur. Saura mai cewa motata ce, kuɗina ne. Motar tasa ce, titin kuwa na kowa ne. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, a babbar hanya mai tagwaye 100, kuma babu Corollar da ba ta kai wannan ba tun daga kamfani. Ƙarfin da ya wuce haka, in ba a filin tsere ba, a tsakanin 'yan makaranta da masu Keke Napep za a gwada shi.

Don haka hanyoyin hankali uku ne. Mai jin motarsa ta yi sanyi ya fara da gyara: fulogi, matatar iska, wanke nozul, baƙin mai mai kyau a kan lokaci, domin sau da yawa ƙarfin da yake nema nasa ne ya ɓata. Mai son turbo don tafiyar yau da kullum ya sayi motar da aka haifa da shi, ya kula da ita, ya riƙa barin inji ya ɗan huce kafin ya kashe bayan doguwar tafiya. Mai son aikin don sha'awa kuma ya lissafa inji da giya da birki da saiti a takarda ɗaya kafin a kwance noti ko ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido. Kaduna ba baƙuwar mota ba ce. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, kuma 504 ba da gudu ta yi suna ba, da juriya ta yi, domin an auna kowane sashe nata da ɗan'uwansa da kuma hanyar da za ta bi. Ranar da na'urar awo ta zauna a Kurmin Mashi kusa da akwatin sifana, yaran gareji suka iya karanta ƙwaƙwalwar mota kamar yadda iyayen gidansu suka iya kabureta, ranar ce turbo zai zama sana'a a garin nan. Kafin nan, mai ɗaura shi da ka caca yake yi da injinsa.