Winnipeg: Tsakiyar Gari da Makomar Wasan Hokin Ƙanƙara

Winnipeg shi ne babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada. Yana zaune ne a mahaɗar kogin Red da kogin Assiniboine, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noman alkama, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mazaunansa sun kai kimanin 750,000. A cikin garuruwan da ke da ƙungiya a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32, babu wanda kasuwarsa ta kai ta Winnipeg ƙanƙanta. Birnin ya taɓa rasa ƙungiyarsa, ya yi shekara 15 babu ita, sannan ya sami wata. Tafiyar ta farko da zuwan ta biyu duk suna da nasaba da halin da tsakiyar garin ke ciki, musamman wani fili guda a bakin titin Portage.

Ana yin wannan wasa ne a kan daskararren ruwa, cikin rufaffen zaure. Filin yana da tsawon kusan mita 61 da faɗin mita 26, a ƙarƙashinsa kuma akwai bututan sanyi da ke hana ƙanƙarar narkewa. Kowane ɓangare na da mutum shida, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna zuwa raga. A Kanada babu wasan da ya kai shi shiga rai. Sai dai wasa ne mai cin kuɗi, kuma ƙungiyoyin NHL sun fi takwarorinsu na sauran manyan wasannin Amurka dogara da kuɗin ƙofa. Don haka girman zauren, da inda aka gina shi, da irin mutanen da ke sayen kujerunsa, su ne ke yanke hukuncin ko ƙungiya za ta rayu a gari.

An kafa ƙungiyar Winnipeg Jets ta farko a 1972, a wata gasa mai suna WHA da ta taso don yin gogayya da NHL. A shekarar ne ta ɗauko fitaccen ɗan wasa Bobby Hull da kuɗin sa hannu dala miliyan ɗaya, aka yi bikin a mararrabar Portage da Main, cibiyar birnin, jama'a suka cika titi. Da WHA ta rushe a 1979, sai Jets ta shiga NHL tare da ƙungiyoyin Edmonton da Quebec da Hartford. Matsala ta kunno kai ne a farkon shekarun 1990. Albashin 'yan wasa ya yi tashin gwauron zabi, kuma da dalar Amurka ake biyan mafi yawansa, alhali kuɗin shiga da dalar Kanada yake zuwa, wadda a lokacin darajarta ba ta wuce kusan kashi uku cikin huɗu na ta Amurka ba. Zauren da ƙungiyar ke wasa a ciki tun 1955 aka gina shi, ba shi da keɓaɓɓun ɗakunan kallo irin waɗanda kamfanoni ke haya da tsada, kuma ba mallakinta ba ne. Magoya baya sun yi gangami, har yara sun kawo kuɗin asusunsu, amma abin ya fi ƙarfinsu. A 1995 ƙungiyar Quebec ta koma Denver. A 1996 Jets ta koma Phoenix a jihar Arizona, aka sake mata suna Coyotes.

Tsakiyar garin ita ma a lokacin tana jin jiki. Tun bayan da aka buɗe babbar kasuwar zamani ta Polo Park a 1959, masu saye suka fara ƙaurace wa shagunan titin Portage, suna bin inda akwai filin ajiye mota kyauta. A 1979 aka kafa shingayen kankare aka hana masu tafiya a ƙasa tsallaka mararrabar Portage da Main, aka tura su wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa. A 1987 gwamnatoci uku, ta tarayya da ta lardi da ta birni, suka haɗa hannu aka gina kasuwar Portage Place don dawo da ciniki, amma ba ta cika burin da aka ɗora mata ba. Sai kuma a 1999 kamfanin Eaton's ya karye. Katafaren kantinsa na jan bulo, wanda ya tsaya a kan Portage tun 1905, ya zama kango a tsakiyar birni.

A wannan filin ne wani ɗan kasuwar garin, Mark Chipman, da kamfaninsa True North suka ce za su gina sabon zaure. Shawarar ta raba kan jama'a. Masu kishin gine-ginen tarihi sun kafa ƙawance, sun je kotu, suna cewa a gyara ginin a mai da shi gidaje da shaguna. Ba su yi nasara ba. An rushe kantin, aka buɗe zauren a watan Nuwamba na 2004 da sunan MTS Centre, a kan kuɗi kimanin dalar Kanada miliyan 133, wanda kusan miliyan 40 daga ciki daga aljihun gwamnatoci ya fito. Yau sunansa Canada Life Centre. Mutum-mutumin tagulla na Timothy Eaton, wanda ya kafa kamfanin Eaton's, wanda kuma a da a gindinsa ne mutanen garin ke yin alkawarin haɗuwa idan sun shigo sayayya, yana nan a farfajiyar zauren, kuma kan takalminsa na hagu ya yi ƙyalli saboda yawan shafawar masu wucewa.

Kujerun zauren sun ɗan haura 15,000 ne kawai, cikin mafi ƙaranci a NHL. Ba a gina shi da tabbacin babbar gasa za ta dawo ba. Ƙungiyar da ta fara zama a cikinsa ita ce Manitoba Moose, ta gasar da ke ƙasa da NHL. Shekara bakwai True North ta yi tana tafiyar da ita cikin tsari, tana koyon sayar da tikiti da shirya bukukuwan mawaƙa, ba ta yawan surutu a jarida game da burinta. Hukumomin NHL sun lura da wannan natsuwa. Sun kuma lura cewa abokin haɗin gwiwar Chipman shi ne David Thomson, ɗaya daga cikin manyan attajiran Kanada.

Abubuwa biyu daga waje suka gyara lissafin. Bayan rikici tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 baki ɗaya, an sanya wa albashin kowace ƙungiya iyaka, dala miliyan 39 a karon farko, tare da tsarin raba wani kaso na kuɗin shiga ga masu ƙaramin ƙarfi. Dalar Kanada kuma ta farfaɗo har ta yi kunnen doki da ta Amurka. Da ƙungiyar Atlanta Thrashers ta rasa mai saye a garinta, True North ta saye ta a kan dalar Amurka miliyan 170, aka sanar ranar 31 ga Mayu, 2011, kuma ita ce ta koma Winnipeg ta zama sabuwar Jets. Shugaban gasar, Gary Bettman, ya faɗa ƙarara a ranar cewa abin ba zai yiwu ba sai zauren yana cika a kowane dare. Aka fitar da tikitin kaka 13,000, da sharaɗin mai saye ya ɗaure kansa shekara uku zuwa biyar. Abin da ya rage bayan rabon tsofaffin abokan ciniki ya ƙare cikin minti 17.

Dawowar Jets ta jawo jari zuwa kewayen zauren, wannan babu musu. Hukumar raya tsakiyar gari mai suna CentreVenture ta ware layukan da ke kusa a matsayin unguwar wasanni da otal-otal da shaƙatawa, aka kuma amince cewa ƙarin harajin da sababbin gine-gine za su kawo a mai da shi wajen gyaran tituna da fitilu na unguwar. An gina otal da ofisoshi daura da zauren, an faɗaɗa babban zauren taro na birnin, sannan True North ta fara gina True North Square, jerin dogayen benaye kewaye da dandali, inda aka buɗe benen farko a 2018. Kamfanin inshora na Wawanesa ya gina hedikwatarsa a wurin. A bazarar 2018, lokacin da Jets ta kai wasan kusa da na ƙarshe, an rufe titunan gefen zauren, dubban mutane sanye da fararen kaya tun daga hula har wando, bisa al'adar magoya bayan ƙungiyar tun 1987, suka tsaya suna kallo a manyan allunan da aka kafa a waje. Tsakiyar Winnipeg ta daɗe ba ta ga irin wannan taro ba.

Amma tasirin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Wasannin gida a kaka ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Ko an haɗa da na Moose da bukukuwan mawaƙa, darare da yawa zauren a rufe yake. Mafi yawan 'yan kallo daga unguwannin bayan gari suke zuwa da mota, kuma saboda sanyin hunturu, wanda kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, an haɗa gine-ginen da rufaffun gadoji a hawa na biyu. Mutum zai iya fitowa daga wurin ajiye mota, ya ci abinci, ya kalli wasa, ya koma gida, ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Mai shago a ƙasa sai dai ya hango wucewarsu ta gilashi. Masana tattalin arzikin wasanni sun daɗe suna nuna cewa kuɗin da iyali ke kashewa a filin wasa galibi wanda da za su kashe ne a wani wurin cikin garin, wato wuri yake sauyawa, ba ƙaruwa yake ba. Ga shi kuma tallafin hukuma bai tsaya a ranar gini ba: True North na samun rangwamen haraji da kaso daga kuɗin injinan caca kowace shekara. Taku kaɗan daga sababbin benayen, talauci da rashin matsuguni da shaye-shaye suna nan a fili, kuma sun fi addabar 'yan asalin ƙasar, waɗanda Winnipeg ta fi kowane birni a Kanada yawansu.

Zumuɗin farko shi ma ya lafa. Bayan wasanni sama da 300 a jere zaure na cika maƙil, a watan Oktoba na 2019 aka fara ganin kujeru babu kowa. Annobar korona ta zo ta kwashe ma'aikatan ofis daga tsakiyar gari, tsadar rayuwa ta biyo baya. Zuwa farkon 2024 masu tikitin kaka sun ragu zuwa kimanin 9,500, har Chipman ya fito ya ce ba za a ɗore a haka ba, Bettman kuma ya zo garin da kansa ya gana da 'yan kasuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, a manyan birane kamfanoni ne ke riƙe da kaso mai tsoka na tikiti don karɓar baƙi da abokan ciniki, amma a Winnipeg mafi yawan masu saye magidanta ne, sau da yawa mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su raba wasanni. Irin wannan mai saye da zarar cefane ya yi tsada tikiti ne farkon abin da zai ajiye.

Wannan ne ya sa masu ƙungiyar suka ƙara zurfafa hannu a gyaran garin, domin jarinsu ya riga ya nutse a cikinsa. A 2024 True North ta sayi Portage Place da nufin mai da ita cibiyar lafiya da gidajen haya da kantin kayan abinci. Tsohon kantin Hudson's Bay, wanda aka rufe a 2020, an miƙa shi a 2022 ga ƙungiyar sarakunan 'yan asalin ƙasa na kudancin Manitoba, wadda ke mai da shi gidaje da wuraren hidimar jama'a. A 2025 aka cire shingayen Portage da Main bayan shekara 46. Waɗannan ayyuka sun fi zauren wasa kusa da ainihin ciwon, domin abin da tsakiyar gari ta rasa shi ne mutanen da ke kwana a cikinta, masu sayen burodi da safe, masu kai yara makaranta.

Ta fuskar wasa, Jets ta nuna ƙarfi: ita ta fi kowa maki a kakar 2024 zuwa 2025, mai tsaron ragarta Connor Hellebuyck kuma ya zama gwarzon gasar. Sabuwar yarjejeniyar talabijin da NHL ta ƙulla da kamfanin Rogers a 2025, ta dalar Kanada biliyan 11 cikin shekara 12, za ta ƙara wa kowace ƙungiya kuɗi. A ɗaya hannun, iyakar albashi ta tashi daga dalar Amurka miliyan 88 zuwa 95.5 a 2025, an kuma tsara za ta haura miliyan 110 cikin 'yan shekaru, yayin da dalar Kanada ta koma kusa da inda take a shekarun 1990. Zaure mai kujeru 15,000 ba shi da hanyar cike wannan giɓi sai ƙarin farashi, a garin da masu saye suka riga suka koka.

Abin da ya faru a wasu wurare yana nuna inda Winnipeg ta tsaya. Birnin Quebec ya gina zaure mai kujeru sama da 18,000 da kuɗin jama'a, ya buɗe shi a 2015, har yau babu ƙungiya. NHL ta gwammace Las Vegas da Seattle, waɗanda suka biya dala miliyan 500 da 650 kuɗin shiga. Coyotes kuwa, tsohuwar Jets, ta yi shekaru a wani zaure nesa da inda magoya bayanta suke, ta koma ɗan zauren jami'a, masu zaɓe a Tempe suka ƙi amincewa da sabon gini a 2023, a 2024 aka kwashe 'yan wasanta zuwa Salt Lake City. Winnipeg ta bambanta da su domin kamfani ɗaya ne ke da ƙungiya da zaure da benayen da ke kewaye, don haka tashi zai jawo masa asarar da ta wuce ta wasa. Abin da zai tabbatar da zamanta shi ne adadin kamfanonin garin da za su karɓi kujerun da magidanta suka saki, da adadin mutanen da za su tare a sababbin gidajen titin Portage idan an kammala su.