Cakulan Ɗin Dubai: Abincin Da Ido Ya Riga Baki Ci

Kwanakin baya ƙaramar 'yata ta miƙo mini waya, ta ce in saya mata abin da ke ciki. Wani kaurin cakulan ne ake karyawa gaban kyamara, koren ciki yana malalowa, ƙaras-ƙaras ɗinsa yana cika kunne. Ba ta taɓa ɗanɗana shi ba, amma ta rantse babu abin da ya kai shi daɗi.

Asalinsa ba boyayye ba ne. Wata 'yar Birtaniya mai tushe a Masar, Sarah Hamouda, mazauniyar Dubai, ita ce kwaɗayin ciki ya sa ta fara haɗa shi a shekarar 2021: cakulan aka cusa wa niƙaƙƙen fistashiyo, ɗan itacen nan kore mai kama da gyaɗa, da niƙaƙƙen riɗi, da soyayyen zaren kunafa. Kamfaninta, Fix, ya yi ta sayarwa babu wata hayaniya, har zuwa Disambar 2023, lokacin da wata matashiya ta ɗora bidiyon tana cin sa a TikTok. An kalli bidiyon fiye da sau miliyan 100.

A ganina sirrin yana nan: waya ba ta iya isar da ɗanɗano, sai launi da ƙara. Duk abincin da ya mallaki waɗannan biyun ya sami ɗan talla kyauta a hannun kowane mai saye. Ƙarancinsa kuwa ya ƙara masa farin jini, domin da farko na ainihin a Dubai kawai ake samu. Da kamfanin Lindt ya fitar da nasa a Jamus a Nuwambar 2024, mutane sun yi dogon layi cikin sanyi. Jaridar Financial Times ta ruwaito a Afrilun 2025 cewa farashin laba ɗaya ta fistashiyo ya tashi daga dala 7.65 zuwa dala 10.30 cikin shekara guda.

Inda abin ya fi damuna shi ne jabu. Tunda ido ne alƙali, mai kwaikwayo launi kawai yake bukata. Masu binciken abinci a jihar Baden-Württemberg ta Jamus sun gwada samfur takwas a ƙarshen 2024, suka tarar da man ja a madadin man koko a wasu, da rini, da riɗin da ba a rubuta a jikin leda ba. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ma ta gargaɗi masu borin jini a 2025, bayan an sami gyaɗa a wani samfur ba tare da sanarwa ba, alhali akwai waɗanda ƙwaya ɗaya tana iya toshe musu numfashi.

Waɗancan ƙasashe ne masu ɗakunan gwaji da ke bin kaya har kanti. Wanda 'yata ta nuna mini kuwa, a wani shafin Instagram ake tallarsa, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, sai lambar asusun banki da kuɗin ɗan aike.