BABI NA UKU: TAKARDAR JERIN MATAKAI DA KARE RAN MAJINYACI A ASIBITI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani a kan wata dabara da aka shigo da ita asibitoci domin rage kurakuran ma'aikata, wato takardar jerin matakai. Za a dubi asalinta, da yadda aka jarraba ta a sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira ɗakin gobe-da-nisa, da kuma ɗakin tiyata. Daga nan sai a auna sakamakon nazarce-nazarcen da aka gudanar, domin a gano ko takardar ce da kanta ke ceton rai, ko kuwa akwai wani abu a tattare da ita.

3.1 Ma'ana da Asali

Takardar jerin matakai gajeriyar takarda ce da ake jera muhimman abubuwan da dole a yi kafin a fara wani aiki mai haɗari, a riƙa karanta su ɗaya bayan ɗaya ana tabbatar da an aiwatar. Ba ta koya wa ƙwararre aikinsa, tuni kawai take yi masa, saboda mantuwa da gajiya da gaggawa ba su bar kowa ba.

Matuƙan jiragen sama ne suka fara fito da wannan dabara fili. A shekarar 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a jihar Ohayo ta Amurka lokacin da ake gwada shi, domin an mance ba a kwance makullin da ke riƙe da sitiyarinsa ba. Bayan haɗarin ne aka tsara wa matuƙa jerin abubuwan dubawa kafin tashi. Su kuwa asibitoci, hankalinsu ya daɗa karkata ga batun kurakurai ne bayan wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 1999, inda ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kurakuran da za a iya kauce musu.

3.2 Gwaji a Sashen Kulawa ta Musamman

Majinyacin da jikinsa ya yi tsanani yakan buƙaci a zura masa wani siririn bututu cikin babbar jijiyar jini ta wuya, ko ta ƙirji, ko ta matsematsi, domin ba shi magunguna da ruwa. Amfanin bututun babba ne, amma kuma ƙofa ce a buɗe da ƙwayoyin cuta kan bi su shiga jini kai tsaye, abin da kan kai ga rasa rai.

Peter Pronovost, wanda a lokacin likitan sa barci da kulawa ta musamman ne a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, shi da abokan aikinsa suka mayar da hankali ga wannan matsala. Da aka sa ma'aikatan jinya su lura da yadda likitoci ke sanya bututun, sai aka tarar ana tsallake wani matakin tsafta a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan. Daga nan aka tattara matakai biyar da bincike ya riga ya tabbatar da amfaninsu, kamar haka:

1. Wanke hannu kafin a fara.
2. Sanya hula da takunkumi da riga da safar hannu masu tsafta, tare da lulluɓe majinyaci.
3. Goge fatar wurin da sinadarin kuloheksidin.
4. Guje wa jijiyar matsematsi in da hali.
5. Cire bututun da zarar an daina buƙatarsa.

An kai wannan tsari jihar Mishigan, inda sassan kulawa ta musamman 103 suka bayar da alƙalumansu daga 2004 zuwa 2005, aka buga sakamakon a 2006. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne yawan kamuwa da cuta a cikin kowaɗanne kwanakin bututu 1,000, wato idan majinyata 100 suka yi kwana goma-goma da bututu a jikinsu, an sami kwanaki 1,000 ke nan. Kafin a fara, matsakaicin adadin kamuwa 7.7 ne, amma bayan wata 16 zuwa 18 ya sauko zuwa 1.4.

Abin lura a nan shi ne, ba takarda kaɗai aka raba wa asibitocin ba. An tanadi amalanke guda da ke ɗauke da dukkan kayan aikin sanya bututu. An riƙa tambaya kullum ko majinyaci na buƙatar bututun har yanzu. An riƙa mayar wa kowane sashe da alƙalumansa domin ya ga matsayinsa. Bugu da ƙari, an ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, in dai ba aikin gaggawa ba ne, kuma shugabannin asibiti suka mara musu baya.

3.3 Gwaji a Ɗakin Tiyata

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da tata takardar ta ɗakin tiyata mai ɗauke da abubuwa 19, ƙarƙashin jagorancin likitan fiɗa Atul Gawande. An kasa ta gida uku. Kafin a sa majinyaci barci, za a tabbatar da sunansa, da irin aikin, da ɓangaren jikin da za a yi wa, da amincewarsa. Za a duba ko akwai maganin da jikinsa ba ya ɗauka, ko hanyar numfashinsa za ta ba da wahala, ko ana fargabar zubar jini fiye da mililita 500, sannan a tabbatar an maƙala masa na'urar auna iskar oksijin a yatsa kuma tana aiki. Kafin a tsaga fata, kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fitar da majinyaci kuwa, za a ƙirga allurai da tsummokin tsane jini da kayan aiki, domin kada a ɗinke wani abu a cikinsa.

An jarraba takardar a asibitoci takwas a ƙasashen Amurka da Kanada da Ingila da Niw Zilan da Indiya da Jodan da Filifin da Tanzaniya. An kwatanta majinyata 3,733 kafin a fara amfani da ita da wasu 3,955 bayan an fara. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

3.4 Saɓanin Sakamako

Waɗannan nazarce-nazarce biyu suna da rauni guda. Dukkansu sun kwatanta yanayin asibiti ne kafin da kuma bayan, ba tare da wasu asibitocin da aka bari a gefe don awo ba. Saboda haka mai suka zai iya cewa ma'aikata sun gyara aikinsu ne don sun san ana kallonsu, ko kuma abubuwa dama suna kan gyaruwa.

Wannan suka ta sami abin kamawa. Da aka kwaikwayi tsarin Mishigan a Ingila daga 2009 zuwa 2011, kamuwa da cuta ta ragu, amma an lura tana raguwa har a sassan da ba su kai ga shiga shirin ba tukuna. Haka kuma, a lardin Ontariyo na Kanada hukuma ta wajabta amfani da takardar tiyata a 2010. Nazarin da aka buga a 2014 a kan asibitoci 101 da tiyata sama da 200,000 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 0.71 zuwa 0.65 kawai, bambancin da a ilimin ƙididdiga bai kai a dogara da shi ba.

A ɗaya ɓangaren, wani gwaji a asibitoci biyu na ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2015, ya bi hanya mafi ƙarfi. An yi ƙuri'a ne wajen tsara lokacin da kowane sashe zai fara amfani da takardar, bayan an horar da ma'aikata. A nan matsalolin bayan tiyata sun ragu daga kashi 19.9 zuwa 11.5.

Idan aka haɗa waɗannan sakamako za a ga inda gizo ke saƙar. A inda aka horar da ma'aikata, aka tanadi kayan aiki, aka ba na ƙasa damar yi wa na sama magana, an ga canji. A inda aka saukar da takardar a matsayin umarni daga sama, tana iya zama wani aikin cike gurbi da ake yi don fita hakkin ofis.

Akwai kuma iyakar da takardar ba ta ƙetarewa. Wani nazari da Bruce Biccard na Jami'ar Kef Tawun ya jagoranta, aka buga a 2018, ya bi diddigin majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ciki har da Nijeriya. Mutum 239 ne suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu sun rasu ne a kwanakin da suka biyo bayan ranar tiyata. Wannan ya nuna babban haɗarin yana ɗakin kwanciya, inda ake da ƙarancin ma'aikatan da za su lura da wuri cewa jikin majinyaci ya fara rikicewa.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa takardar jerin matakai tana da arha, kuma abubuwan da ta ƙunsa tabbatattu ne, amma amfaninta ya dogara ga yadda aka shigo da ita. Don haka asibitin da zai ɗauke ta yana buƙatar horar da ma'aikata, da samar da kayan da takardar ke tambaya, da ajiye alƙaluman kamuwa da cuta da mace-mace, domin ya iya auna kansa. Babi na gaba zai dubi kulawar da ake ba majinyaci a ɗakin kwanciya bayan tiyata.