Dutsen Kabo da Hanyar da Ya Biyo

Ran 25 ga Afrilu, 1971, dutse ya faɗo daga sama a Kabo, cikin ƙasar Gwarzo ta Jihar Kano. Da masana suka bincike shi, sai suka tarar shi ba gatarin aradu ba ne, ba kuma tauraro ne ya tsinko ba. Ɓarɓashi ne na waɗansu duwatsu da ke kewaya rana. To, ina mazaunin waɗannan duwatsu, kuma ta yaya aka san hanyarsu?

Tsakanin falakin Mirrihu da na Mushtari akwai wani fili mai faɗin gaske, inda duwatsu bila adadin ke zagaya rana. Wanda aka fara gani shi ne Ceres, babbansu, wanda Giuseppe Piazzi ya hango daga Palermo ta ƙasar Italiya ran 1 ga Janairu, 1801. Ya bi sawunsa kwana arba'in da 'yan kai, sa'an nan hasken rana ya shige tsakani, abin ya ɓace. A nan ne aka gane cewa gani ba shi ne sani ba. Sai da Carl Friedrich Gauss, wani Bajamushe ɗan shekara 24, ya fito da dabarar lissafa dukkan falaki daga gani uku kacal, ya nuna inda za a duba. A watan Disamba na wannan shekara aka sake samun Ceres kusa da inda ya faɗa.

Misalin ƙanana kuwa shi ne Gaspra, mai lamba 951, wanda Grigory Neujmin ya gano a 1916 daga Simeiz a yankin Kirimiya. Tsawonsa wajen kilomita 18 ne, wato ya ɗara nisan da ke tsakanin Samaru da PZ. Yana nesa da rana kimanin kilomita miliyan 330, yana gama kewaya ta cikin shekara uku da 'yan watanni, yana kuma juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin kamar awa bakwai. Domin an san falakinsa sarai, kumbon Galileo ya iya ratsawa ta kusa da shi ran 29 ga Oktoba, 1991. Shi ne dutse na farko daga cikinsu da aka ɗauki hotonsa kusa da kusa.

Abin tambaya shi ne, me ke fizgo dutse daga can har ya iso gonakin Kano? A 1866 Daniel Kirkwood na Amurka ya lura akwai giɓi a cikin filin nan, wuraren da duwatsu ba su zama. Dalili kuwa Mushtari ne. Dutsen da ke kewaya rana sau uku daidai lokacin da Mushtari ke yin kewaye ɗaya, kullum a wuraren da ba su sauyawa yake shan jansa. Yau da gobe sai falakinsa ya miƙe, har ya gitta hanyar duniya. Idan duwatsu suka yi karo, ɓarɓashin da ya gangara cikin irin wannan giɓi shi ke ƙarewa a ƙasa. Duwatsu irin na Kabo sun haura shekara miliyan 4,500, sun girmi kowane dutse da ke doron ƙasa.

Sai dai ba kowane dutsen sama ne ya fito daga can ba. Wanda ya faɗo a Zagami ta Lardin Katsina ran 3 ga Oktoba, 1962, mai nauyin kilo 18, bincike ya nuna daga Mirrihu yake.

Amfanin wannan lissafi bai tsaya ga ƙwaƙwa ba. Ran 6 ga Oktoba, 2008, aka hango wani ɗan dutse daga Arizona, aka lissafa falakinsa, aka sanar cewa zai shigo ta saman arewacin Sudan kashegari. Haka kuwa aka yi, daga baya aka tsinto gutsattsarinsa a hamada. Wannan ƙarami ne, bai yi wa kowa lahani ba. Amma in babba ne ke tafe, yawan kwanakin da jama'a za su samu su yi shiri ya danganta ga yadda aka hango shi da wuri, da kuma yadda aka daidaita lissafin hanyarsa.