Gajeriyar jita da kiɗan sauri: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya saurari Mdou Moctar da kyau zai ji cewa jita biyu ce ke aiki. Ta gaba tana kuka, ta baya kuma, wadda Ahmoudou Madassane ke kaɗawa, tana riƙe da kiɗan cikin sauri ba tsayawa. A Sakkwato wannan mawaƙi ɗan Nijar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta katin memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa. Yau ma waya ce ke kawo irin wannan kiɗa har Dambatta, Bichi da Makoɗa. To idan kana tara kuɗi don ka sayi jitar lantarki ka koyi wannan kiɗa na baya, akwai awo ɗaya da ya kamata ka duba a shafin mai sayarwa: tsawon tsirkiya.

Stratocaster, irin wadda Mdou ke riƙewa, tsawon tsirkiyarta inci 25.5 ne. Fender Jaguar, da ta fito a 1962, da Mustang ta 1964, inci 24 ne nasu. Squier Mini kuwa 22.75 ce. Waɗannan ukun su ake kira gajeru.

Gajeriyar jita tana sauƙaƙa wa hannun da ke danna tsirkiya, domin ƙarafunan da ke kan wuyanta sun fi kusa da juna. Mai ƙananan yatsu zai ji daɗinta. Hannun da ke kaɗawa shi ke shan wahala. Idan kaurin tsirkiya ɗaya ne, sautin ma ɗaya, tsirkiyar inci 24 ta fi ta 25.5 sakwarkwacewa da kusan kashi 11 cikin 100. Da ka buga da ƙarfi cikin sauri, sai ta riƙa lilo, tana taɓa ƙarafunan, sautin ya ɗan haura sannan ya dawo, kiɗan ya cakuɗe.

Maganin ba shi da tsada. Ka sa tsirkiya mai kauri, lamba 11 maimakon lamba 9 da yawancin jita ke zuwa da ita, sannan a sake daidaita wuyan jitar. Ka bar wuyan hannunka ya yi bugun, ba gwiwar hannu ba, kuma ka ɗora gefen tafinka a gindin tsirkiyoyin don ka rage lilon. A lokacin hunturu katakon wuyan jita na bushewa ya motsa, don haka ka ajiye ta a jakarta, nesa da rana.

Sauran aikin na waya ne. Manhaja irin GuitarTuna za ta saita maka sauti, kuma tana da metronom, wato agogon ƙidayar bugu. Fara daga bugu 80 a minti, kana ƙara biyar-biyar, kada ka ƙara sai kiɗan ya fita tas. Inda babu wutar lantarki, ba dole sai amfilifaya ba: ƙaramar na'ura irin iRig tana haɗa jita da waya, matuƙar wayarka na karɓarta.

Amma ka guji abin sauraro na Bluetooth. Ga lissafin: a bugu 160 a minti, kana kaɗawa sau huɗu a kowane bugu, kowane kaɗi bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Jinkirin Bluetooth kan wuce haka, ma'ana kunnenka zai riƙa jin kaɗin da hannunka ya riga ya wuce. Mai igiya shi ne daidai.

Saboda haka, idan hannunka ƙarami ne, sayi gajeriyar, amma ka ware kuɗin tsirkiya mai kauri tun daga farko. Idan yatsunka dogaye ne kuma saurin kake nema, inci 25.5 za ta fi ba ka abin da kake so.